Saje da Jirgin Ruwan da Bai Taɓa Hawa Ba

Tun muna yara, in aka ɗauko zancen kakanmu na wajen uba, magana ɗaya ce a gidanmu: "Ai Saje a jirgin ruwa ya tashi." Haka muka ji, haka muka haddace, ba wanda ya taɓa tambayar wane jirgi ne, a kan wane ruwa. Ku ma dai kun san Daura. In ka cire rijiyar Kusugu da madatsar ruwa ta Sabke da tafkunan damina, ina ruwan da jirgi zai hau? Daga nan zuwa bakin teku a Legas ya haura kilomita dubu. Amma yaro ba ya musu da labarin gidansu, balle ma labarin da yake yi masa daɗin faɗa a makaranta.

Ban riski Saje ba, ya rasu kafin a haife ni. Abin da na sani shi ne soja ne, ya yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da ya ajiye kaki ya dawo Daura ya sayi gidan da muke ciki. Sunansa na yanka ma ba a faɗa. Hajiya, wato kakata, ba ta taɓa ambatonsa ba saboda kara, sai dai ta ce "mai gidan nan" ko "marigayi". Ummanmu kuwa suruka ce, ita da sunan nan har abada. Mutanen unguwa Saje suke cewa. Ƙanena sunansa ya ci, shi ya sa kowa ke kiransa Abba.

Da abin ya tsaya nan, da ban rubuta wannan ba. Bara, ina zangon farko na shekarata ta biyu, aka kawo kuɗin gaisuwar Yayata. Kamar yadda aka saba, dangin mijin suka shiga bincike. Sati uku shiru, sai aka aiko a ɗan dakata. Ba su faɗi dalili ba, amma magana ba ta kwana a Daura. Wata maƙwabciya ta kawo wa Umma: wai an tambaya an tambaya, ba a samu wanda ya san uban Saje ba, ba a san gidansu ba, wai ɗan bariki ne kawai da ya ari sunan gari.

Ranar da na zo hutun ƙarshen mako na tarar da Yaya ta rame. Ba ta yi kuka a gabana ba. Cewa kawai ta yi, "Kai da kullum kake kan kwamfuta, ba za ka iya nemo mana ko mu su wane ne ba?" Da wasa ta faɗa, amma ni ban ji ta da wasa ba.

Kuskuren da na fara yi shi ne na tafi intanet kafin in tafi ɗakin Hajiya. Na koma hostel, na sayi data, na rubuta da Turanci cewa ina neman yaran da suka tashi a jirgin ruwa ana koya musu aikin soja. Wallahi abin da ya fito ya ba ni mamaki. Ashe an yi irin wannan, amma a Ingila. Tun 1756 wani attajiri mai suna Jonas Hanway ya kafa wata ƙungiya, Marine Society, mai tattara yaran talakawa tana shirya su aikin teku, a 1786 kuma ta ɗaure jirgi a kogin Thames ta mai da shi makarantar kwana. Daga baya irin waɗannan jirage suka yawaita. Tsofaffin jiragen yaƙi ne da suka gama aiki, sai a daina tafiya da su, a zuba yara ɗaruruwa a ciki, nan ne ɗakin kwanansu, nan ne ajinsu, nan ne filin faretinsu. Akwai Akbar a kogin Mersey, wanda alƙalai ke tura yaran da suka yi laifi. Akwai Arethusa da aka buɗe a 1874 don marayu da yaran titi. Akwai Goliath wanda gobara ta cinye a Disambar 1875, yara da dama suka halaka, aka maye gurbinsa da Exmouth. Akwai Mars a kogin Tay na ƙasar Sikotland, wanda ya yi shekara sittin yana wannan aiki, daga 1869 zuwa 1929.

Na yi sati biyu ina bin waɗannan jirage kamar wanda aka yi wa kiranye, har na kusa faɗuwa gwajin wani kwas. Abokin ɗakina ya ce, "Malam, kakan naka Bature ne?" Ya yi gaskiya. Ba abin da ya haɗa Saje da Thames.

Amma ban yi asarar datar ba, don na koyi abu biyu. Na farko, yaran nan yawancinsu marayu ne ko 'ya'yan da iyaye suka kasa riƙewa, kuma jikokinsu ma sun daɗe suna jin kunyar labarin, kamar yadda ake so mu ji kunyar namu. Na biyu, su jikokin suna iya gano kakanninsu saboda an rubuta. Ingila na ƙidayar jama'a duk shekara goma, tun 1841 ake rubuta sunan kowa, kuma mai ƙidaya yana hawa har cikin jirgi ya rubuta yaro da shekarunsa da garin da aka haife shi. Rajistar Marine Society na nan ajiye a gidan tarihin teku da ke Greenwich. Mu fa? Yaron da aka haifa a ƙauyen ƙasar Daura zamanin Sarki Abdurrahman ba shi da takardar haihuwa. Shekarunsa ana lissafa su ne da shekarar fari, ko shekarar yunwa, ko shekarar da aka naɗa wane.

Da na ga intanet ta kai ni inda za ta iya, sai na dawo gida na shiga ɗakin Hajiya da tsire a leda.

"Amarya, yau hira na zo."

"Kai tafi can, mijin da ba ya cefane sai yana son wani abu. Me kake nema?"

Na ce akwatin Saje nake so in gani. Ta yi shiru, ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta nuna mini ƙarƙashin gado. Akwatin ƙarfe ne baƙi, fentin ya ɓare, kwaɗon ya yi tsatsa. A ciki akwai takardar sallamarsa daga soja, da tsofaffin rasiɗan haraji, da hoto ɗaya, da wata lambar girma a naɗe cikin ƙyalle.

Hoton na yara ne, sun kai ashirin, cikin gajeren wando da hula, sun jeru sahu uku. A baya an rubuta da biro: Zaria 1956. Hajiya ta ɗora yatsa kan wani siririn yaro a sahun tsakiya mai manyan kunnuwa. Ba jirgi, ba ruwa, sai wata bishiya a bayansu.

Lambar kuwa tauraro ce ta tagulla mai tsini shida. Na ɗauki hotonta na bincika, sai ga ta: lambar yaƙin Bama ce. Ba Bama ta jihar Borno ba, ƙasar nan ta nahiyar Asiya da yau ake kira Myanmar. To a nan lissafi ya ƙi. An gama wannan yaƙi a 1945, lokacin Saje bai wuce shekara uku ko huɗu ba. Ke nan lambar ta wani ce. Na juya bayanta ko zan ga suna, wayam.

Wani ɗan ajinmu ɗan Sabon Garin Zariya ne, kakansa tsohon soja. Da hutun zango ya zo na bi shi. Tsohon ya sa tabarau, ya kalli hoton sau ɗaya, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan ai 'yan Boys ne." Shi ya warware mini. Ranar 20 ga Mayun 1954 rundunar sojan mulkin mallaka ta buɗe wani sashe a Zariya mai suna Boys Company, da yara 30, ƙarƙashin Kyaftin Wellington Bassey. 'Ya'yan sojoji ne da yaran da sojoji ke riƙo. A bariki suke kwana, ana koya musu boko da fareti da sana'a, in sun girma su zarce cikin soja. A 1960 aka sauya mata suna ta koma Nigerian Military School, wadda ke nan har yau. Nan Tunde Idiagbon ya yi karatu, wanda ya zama mataimakin Janar Muhammadu Buhari a gwamnatin 1984 zuwa 1985. Haka ma Joe Garba da David Mark.

Ina zaune a kan tabarmar tsohon nan sai na ga ashe abin da na karanta game da jiragen Ingila ne a gabana, ruwan ne kawai babu. Yara ƙanana, nesa da uwa, ƙaho ke tashinsu ƙaho ke kwantar da su, ana shirya su aikin masarautar Ingila.

Na tambaye shi me ya sa ba a san asalin irin su Saje ba. Ya ce, "Ka san yadda ake rubuta mu? Bature ya tambaye ka sunanka, ka faɗa. Ya ce daga ina, ka ce Kano, ko Katsina, ko Daura. Shi ke nan, sunan garin ya zama sunan ubanka. Mutum goma suna ɗaya a bataliya ɗaya. Lamba ce kawai ke raba mu." Ya ƙara da cewa wasu ma da gangan suke sauya suna, don a wancan zamani shiga soja a ƙauye kusan abin kunya ne, ana ganin wanda ya gagari iyaye ne ke tafiya.

Daga Zariya na wuce Kaduna, Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa. Ga duk mai niyyar zuwa, ga abin da zai rage maka wahala. Kafin 1934 ƙasar Daura tana ƙarƙashin Lardin Kano ne, a shekarar aka haɗa ta da masarautar Katsina aka kafa Lardin Katsina. Saboda haka tsofaffin takardun Daura ana neman su a fayilolin da aka yi wa alamar KANOPROF, na baya kuma a KATPROF. Wani ma'aikaci mai haƙuri ne ya nuna mini haka, bayan na ɓata rabin yini. Na kwana biyu ina buɗe fayil. Na ga rahotannin Razdan da na Di'o, maganar haraji da jangali da gyaɗa. Abin da na fi lura da shi, hakimai da dagatai suna da suna a takarda, talaka kuwa adadi ne. Mutum kaza sun biya, mutum kaza sun tafi.

Na dawo Daura da abu ɗaya tabbatacce, Saje ya tashi a barikin Zariya. Sauran tambayar na nan: ɗan wane ne? A takardar sallamarsa akwai sunan uba, shi ne ma sunan da muke amfani da shi a makaranta. Na ɗauka shi ne mai lambar Bama, magana ta ƙare. Na je na gaya wa Hajiya ina murna.

Ba ta yi murna ba. Ta ce in tura ƙofa.

"Abin da zan faɗa maka, ko ubanka ban taɓa faɗa wa ba. Daren da marigayi zai tafi yaƙin Ojukwu ya ce mini, in bai dawo ba, in sani mutumin da ya riƙe shi ba shi ya haife shi ba."

Su biyu ne abokai daga ƙauye ɗaya a ƙasar Zango, tare aka ɗauke su soja, tare aka zuba su a jirgin ruwa. Sun yi makonni ba su ga ƙasa ba, ga amai, ga tsoro, mutanen da ko kwalekwale ba su taɓa shiga ba. A cikin jirgin suka yi alkawari: wanda ya dawo zai riƙe iyalin wanda bai dawo ba. Ɗaya ya dawo. Ya tarar matar abokinsa ta rasu, yaron na hannun wata tsohuwa da ita kanta sai an ba ta. Ya ɗauke shi ya tafi da shi bariki, ya rubuta shi a matsayin ɗansa.

Jirgin ke nan. Saje bai taɓa hawansa ba, a cikinsa dai aka yanke yadda rayuwarsa za ta kasance. Shekara da shekaru labarin na wucewa daga baki zuwa baki, har jirgin uban ya zama na ɗan.

Na ce, "Hajiya, me ya sa kika yi shiru, kina ganin halin da Yaya ke ciki?"

Ta ce, "Amana ce. Ya dawo daga yaƙin da ransa, bai sake tayar da zancen ba, ni wace ce da zan tayar? Kuma mutumin nan ya ci da shi ya sha da shi, shi ya yi masa aure. In ce ba ubansa ba ne? Sannan tsakani da Allah, wa ya taɓa zama ya tambaye ni? Sai kai yau."

Wannan maganar ta ƙarshe ta fi komai yi mini ciwo. Na je Zariya, na je Kaduna, na je har kogin Thames a waya, alhali amsar na kan gadon da nake wucewa kullum in gaishe ta a tsaye.

Labarinta ya dace da tarihi. A 1943 aka kwashi Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a jiragen ruwa zuwa Indiya, ta yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan. Runduna ta 82 ta bi baya a 1944. Wasu bataliyoyin Nijeriya sun shiga cikin dakarun da ake kira Chindit, shi ya sa har yau akwai barikin Chindit a Zariya, kamar yadda barikin Dalet a Kaduna da na Myohaung a Legas suka samo sunansu daga wuraren da aka gwabza a can. Waɗanda suka mutu ba a san kabarinsu ba, an sassaƙa sunayensu a wani dandalin tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon, suna kusan 27,000. Hukumar da ke kula da kaburburan, Commonwealth War Graves Commission, ta sa sunayen a shafinta, kowa na iya dubawa kyauta. Na duba. Na ga 'yan Arewa jere, kowa da sunan garinsu a maƙale. Amma masu sunan yanka irin na uban Saje suna da yawa, kuma lambarsa ta tafi tare da shi.

Saura ƙauyen. Hajiya ta tuna sunansa. Ranar wata Asabar na hau mota zuwa Zango, daga nan na hau acaɓa. Na fara da gaishe da dagaci, kamar yadda Baba ya ja mini kunne, shi kuma ya haɗa ni da yaro zuwa wurin wani dattijo da ya haura tamanin da biyar. Na faɗi sunan. Bai ce komai ba, sai ya tambaya, "Wace irin tsaga gare shi, shi yaron?" Na buɗe hoton a waya na ƙara girmansa. Ya kira ƙanwarsa, ita ma tsohuwa tukuf. Ta kalli wayar, ta ɗago ta kalle ni, ta kama haɓa.

"La ilaha illallahu. Ku bar wahalar da kanku da tsaga, ku dubi kunnuwan yaron nan. Ai na gidan Tsamiya ne."

Duk tsokanar da aka yi mini a firamare kan kunnuwan nan, ranar na yafe.

Suka ce sun taso sun ji ana cewa an tafi da wani yaro bariki bayan yaƙin Bama, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, har an ɗauka ya mutu. Suka kai ni gidan. Manoma ne, gero da dawa da wake, tsamiyar na nan a ƙofar gida. Jikokin ƙanen kakan babana ne ke ciki. Aka dama mini fura, mata suka yi ta leƙowa. Bayan sati biyu Baba da Kawu suka je da goro da turmin atamfa, aka zauna aka jera sunaye har kaka na huɗu. Baba, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ya kasa tuƙi a hanyar dawowa, sai Kawu ne ya karɓi motar.

Na san kuna jiran ku ji an ɗaura aure. Ba a ɗaura ba. Da labari ya kai wa mutanen sun sake aikowa, amma Yaya ta ce a mayar musu da kayansu. Ta ce wa Baba, cikin ladabi, "Ni ce dai ta watan jiya. Ba abin da ya ƙaru a jikina don an gano wata tsamiya." Baba bai tilasta mata ba. Yanzu tana shekararta ta ƙarshe a kwalejin ilimi.

Maganarta ta tsaya mini a rai. Da a ce Hajiya ta rasu da sirrin nan, ko dattijon can ya riga ni tafiya, da mun zama marasa asali ke nan har abada? Bincike kafin aure abu ne mai kyau, a san hali, a san addini, a san lafiya. Amma yaron da ubansa ya mutu a dajin da bai san sunansa ba, a yaƙin da ba nasa ba, laifin me ya yi da za a hukunta jikarsa bayan shekara tamanin?

Akwai kuma maganar suna. Baba ya tambayi liman, aka ce masa addini ya yi umarni a danganta ɗa ga uban da ya haife shi, kuma ba laifi a kan abin da aka yi cikin rashin sani. To amma sunan mariƙin Saje ne a kan sakamakon jarrabawata ta WAEC, da JAMB, da lambar NIN, da katin makarantar nan. Duk wanda ya taɓa zaryar gyaran harafi ɗaya a takardunsa ya san abin da nake nufi. Aka tsaya a kan cewa takardu su zauna yadda suke, amma a gida kowane yaro zai san sunan kakansa na jini, kuma in an tashi addu'a a haɗa su biyun. Ni kam ban jin nauyin ɗaukar sunan mutumin da ya cika alkawarin da ba wanda ya shaida sai shi da mamaci.

'Yan uwana ɗalibai, kowannenmu yana yawo da waya mai ɗaukar murya. Hutun nan da ke tafe, kafin ku buɗe intanet, ku sayi goro ko tsire ku shiga ɗakin tsohuwar gidanku, ku zauna a ƙasa. Ku tambayi sunan yanka, ba laƙabi kaɗai ba. In kara ta hana ta faɗa, ku nemi wanda zai faɗa. Ku tambayi ƙauye, da unguwa, da sana'ar gida, da sarkin da ke kan gado lokacin. In akwai akwatin ƙarfe, ku ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, musamman mai lamba a jiki. Ku rubuta a littafi, ku ajiye kwafi a imel, don waya na faɗawa ruwa.

Ni yanzu ina da muryar Hajiya ta awa huɗu da minti goma. Rabi duk tsiya take yi mini, wai mijin da ya kai ta wata uku bai sai mata zane ba. Na yi alkawarin in alawus ɗin aikin koyon sana'a ya fito, ita ce farko.